Yadda Kawu Budin Ya Haramta Kansa

Ranar Talata, tara ga watan Oktoba, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan an idar da sallar La'asar, dagacin ƙauyenmu Bapa Hamjah ya tsaya a kan gadar katako ya ɗaga wani makulli sama. A ƙarƙashin gadar akwai sabon jirgi shuɗi mai inji, wanda wata ƙungiya ta kawo mana daga birnin Sorong domin tsaron Dutsen Tsakiya, tudun murjanin nan da ke can cikin teku inda kifayen shak suke taruwa. Duk tsibiran Misool da ke kusa da mu babu jirgi mai kyansa.

Dagaci ya ce, "Ran Asabar za a ɗaura sasi a Dutsen Tsakiya. Kun san dokar kakanni. Abin da aka ɗaura wa ganyen kwakwa ya haramta, hannu ba ya taɓa shi sai mai tsaro ya kwance. To, bana ba a kan sanda za a ɗaura ba. Akwai zoben ƙarfe a ƙasan ruwa, inda igiyar alama take ɗaure. Wanda ya sauka ya ɗaura ganye a zoben nan, shi ne mai tsaro, makullin jirgi nasa ne."

Kafin dagaci ya rufe baki, Kawu Budin ya ture mutane ya fito gaba.

Wajibi ne in gabatar da shi da adalci, domin ƙanen mahaifiyata ne. Gajere ne mai tumbi, yana da ɗan shago a bakin gada inda yake sayar da fetur a kwalba da taliya da sabulu. Bakinsa ba ya rabuwa da abu biyu. Na farko pinang, goronmu da ake taunawa da farar ƙasa har yawu ya koma ja jawur. Na biyu labarin kifayen shak. Yana da tabo a cinyarsa ta hagu, wanda a cewarsa wani shak mai kan guduma ne ya yi masa, ranar da ya hau bayansa daga nan har tsibirin Seram. Ban ce ƙarya yake yi ba. Abin da zan iya cewa shi ne, tun da na yi wayo ban taɓa ganin ruwan teku ya wuce gwiwarsa ba.

Ya miƙa hannu ya ce, "Bapa dagaci, ba ni makullin kawai a huta. Me za a wahalar da jama'a? Shak ɗin Dutsen Tsakiya duk sun san ni. Kakanninsu na hora."

Sai wata murya ta fito daga cikin mata. "Ka hore su da me, Baban Ida?"

Matarsa ce, Mama Nursia, uwar 'yarsu Ida. Ita ce take nutso ba tulun iska ba komai, sai tsohon tabarau na katako, ta ɗebo manyan jatanlande, kuma da su ake cefane a gidan.

"Maman Ida, ana maganar maza."

"Ana maganar ruwa dai. Shekaranjiya da kaguwa ta shiga banɗaki, wa ya hau kan bokiti yana kiran sunana?"

"Dabarar yaƙi ce. Daga sama ake kai wa maƙiyi hari."

"Madalla. Bapa dagaci, sa ni a ciki. Ni ma ina son makullin."

Gada ta kaure da shewa. Dagaci ya yi ɗan tunani ya ce bai san inda kakanni suka hana mace ba. Za a saƙa ganye biyu. Tun da Kawu ne ya fara magana, shi zai fara sauka. Idan ya ɗaura, magana ta ƙare.

Washegari da hantsi Kawu ya same ni a gidan baƙin da nake aiki, inda nake sauka da Turawa ƙarƙashin ruwa su kalli kifi. Ya waiga dama da hagu, sannan ya ja ni bayan ɗakin kaya.

"Darwis ɗana, ba koyo na zo ba."

"To, Kawu."

"Tunawa na zo yi. A zamaninmu ba a goya tulu, numfashi ɗaya muke yi tun safe har Azahar. Amma yanzu an ci gaba, ba na son a ce mai tsaro ɗan gargajiya ne."

Na ce masa cikin ladabi kwana uku ba su isa a koyi wannan aiki ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa.

"Idan matar nan ta karɓi makullin, ina zan sa fuskata a masallaci? Kai ne ɗan 'yar'uwata. Ka bari a yi mini dariya?"

Saboda haka na yarda, amma da sharaɗi. Zoben ba shi da zurfi, bai wuce tsayin bishiyar kwakwa ba. Zan sauka tare da shi, zai riƙe igiya, ni kuma zan riƙe shi, ba zan sake shi ba har mu fito. Ya ce ya amince, domin zai zama mini darasi in ga yadda manya suke yi.

Muka fara da rigar roba. Na ɗauko mafi girma, wadda wani Bature mai jiki ya bari. Na ce zip ɗin a baya yake. Kawu ya ce mai hankali ba ya sa ƙofa a inda hannunsa ba ya kai, ya juya ta ya sa gaba a baya. Da ta kai tumbi sai ta tsaya. Ba ta hawa, ba ta sauka. Hannayensa suka maƙale a miƙe kamar wanda aka shanya. Sai da aka aika shagonsa aka kawo sabulu, muka jiƙa shi, ni da mai dafa abinci muka ja, kafin ya fito da wata irin ƙara kamar an buɗe kwalba.

Mai dafa abinci ya tafi da labarin kasuwa. Kafin mu iso bakin ruwa rabin ƙauye ya zo kallo.

Na sa masa takalman agwagwa na masu nutso, na ce da su da baya ake tafiya.

"Ni? Ban taɓa ja da baya ba a rayuwata."

Ya ɗaga ƙafa ya taka ɗaya da ɗaya, ya kifa da fuska a cikin yashi. Ya tashi ya ce yana sansana ƙasa ne ya ji yanayin teku. Ya sake takawa, ya sake sansanawa. A karo na uku ya isa ruwa da rarrafe.

Na kawo masa ɗamarar darma, domin mai jiki ba ya nutsewa sai da nauyi. Ya ce darma ta ragwaye ce, shi da ƙarfin zuciya yake nutsewa. Ya ja numfashi ya cusa kai a ruwa. Kan ya shiga, amma sauran jikin ya ƙi bin sa. Ɗuwawu ya tsaya a sama yana juyi kamar busasshiyar kwakwa, ruwa ya ɗauke shi a hankali ya bi da shi ƙarƙashin gada, inda mata suke wanke tukwane. Mama Nursia ce ta saƙalo shi da sandar gora.

"Wa ya yar da taya a teku?" in ji ta. "A'a, ashe maigida ne. Sannu da zuwa, daga Seram kake?"

"Sake ni, ina duba ginshiƙan gada."

"Da ɗuwawu kake dubawa?"

Ya fito a fusace ya ce a ba shi darma, duk wadda ke akwai. Na ba shi daidai jikinsa, amma da na juya sai ya ƙara da ta mutum biyu. Ya shiga ruwan da bai wuce ƙirji ba, ya zauna daram a ƙasa, tiyon shaƙar iska a baki, kumfa na tashi, ya kasa miƙewa. Da ƙyar ni da masunta biyu muka ɗago shi. Da yamma na wuce ta shagonsa na ji yana gaya wa masu sayen fetur cewa ya yi ganawar sirri da kifaye, sun kuma yi masa mubaya'a.

Ran Alhamis, gaskiyar magana, ya ɗan samu ci gaba. Ya iya shaƙar iska ta tiyo ba tare da ya haɗiyi ruwa ba. Abu ɗaya na lura da shi, da zarar ruwa ya rufe kansa sai ya runtse ido. Na tambaye shi dalili, ya ce gwani da fata yake gani.

Ran Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ƙara wa alkawarinsa gishiri. Ya ce ɗaura ganye aikin yara ne. Shi idan ya gama zai kama wutsiyar babban shak ɗin wurin ya ja shi sama kowa ya gani.

Liman ya ce, "Bapa Budin, ka ce in sha Allahu."

"Na faɗa a zuci, Liman."

"Fito da ita fili, ka ga akwai shaidu."

Labari ya tsallaka ƙauyukan maƙwabta. Da la'asar na je gidansu gaisuwa na tarar Mama Nursia ta cika masa kwano da tuwon sago da miyar kifi.

"Ci ka ƙoshi, Baban Ida. Kada shak su ɗanɗana su ce ba na kula da kai."

"Gobe war haka kina kirana ranka ya daɗe."

"In ka dawo da ƙafafu biyu zan kira ka."

Ran Asabar da safe kwalekwale suka cika teku. Namu, na maƙwabta, har da wani ɗauke da masu ganga. Sabon jirgi ne a gaba, dagaci da kansa yake tuƙi, Liman na gefensa. Ni da Kawu da Mama Nursia muna ciki. Ida tana kwalekwalen mata tana rufe fuska da gyale.

Tun da muka taso nake jin wani ƙamshi mai yaji. Na tambaya. Kawu ya ƙifta mini ido ya ce sirrin manya ne. Ashe kwalbar man kayu puti guda ya juye a jikinsa kafin ya sa rigar roba, wannan man zafin da ake shafa wa mai ciwon ciki ɗigo biyu. Wai shak ba ya son warinsa. Rana ta ɗaga, robar ta ɗau zafi, man ya fara aiki. Da farko ya riƙa mutsu-mutsu a kan benci. Daga nan ya miƙe. Daga nan ya shiga ɗaga ƙafa yana murza cinyoyi yana hura iska ta baki.

Dagaci ya ce, "Lafiya, Bapa Budin?"

"Rawar yaƙi ce! Ta kakanni!"

Masu ganga suka ji, suka ɗauka. Mata suka shiga tafi. Haka ya yi ta rawa hawaye na zuba har muka isa Dutsen Tsakiya, kuma ba zan ɓoye ba, wasu tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irin wannan rawa ba.

Aka ɗaure jirgi a igiyar alama. Ruwan garau yake, ana hango murjani a ƙasa, da inuwar shak biyu ko uku suna kewaya. Kawu ya leƙa sau ɗaya. Bai ƙara leƙawa ba. Ya zaro pinang biyu ya watsa a baki lokaci guda, ya bi su da farar ƙasa, ya shiga tauna kamar akuya.

Liman ya yi addu'a. Dagaci ya miƙa wa Kawu ganyen kwakwa saƙaƙƙe mai ɗan igiya a jiki. Na sa masa rigar iska mai hana nutsewa, na goya masa tulu, na ɗaura masa darma daidai, na ce ya zubar da abin da ke bakinsa. Ya buɗe baki ya nuna mini babu komai. Daga baya na gane a kunci ya ɓoye.

A nan dole in bayyana wata ƙa'ida ta aikinmu. Kafin mutum ya sa gilashin fuska, yakan tofa yawu a ciki ya goga, sannan ya ɗauraye da ruwa, domin kada gilashin ya yi hazo. Kowane mai nutso haka yake yi. Na gaya wa Kawu wannan, na juya ina buɗe nawa tulun. Ya tofa sau uku, da yalwa. Ɗaurayewa kuwa bai yi ba, domin a cewarsa daga baya, babu mai shafa magani ya wanke. Ya runtse ido tun a jirgi, ya ɗora gilashin, ya cusa tiyo a baki, ya miƙe zai yi wa jama'a jawabi. Takalman agwagwa suka harɗe. Ya tafi da baya ya faɗa teku, masu ganga suka yi masa rakiya da kiɗa.

Na bi shi nan take na kama shi, na ɗora hannunsa a kan igiya. Muka fara sauka a hankali.

Dutsen Tsakiya ranar nan ya yi kyau ƙwarai. Ƙananan kifaye shuɗɗa da rawaya sun yi dafifi a kan murjani, kunkuru yana kiwo a gefe, shak masu baƙin tabo a fiffike suna shawagi can nesa, babu ruwansu da kowa. Kawu bai ga ko ɗaya ba. Idonsa a rufe yake. Abin da na lura da shi shi ne, duk lokacin da ya fitar da numfashi, wani jan hayaƙi yana bin kumfar. Na matsa na duba fuskarsa. A lokacin ne na ga gilashin, amma mun riga mun kai ƙasa.

Na ɗora hannunsa a kan zobe, na bubbuga kafaɗarsa. Ya durƙusa. Ya buɗe ido.

Ni ban shiga idonsa ba, amma ya ba da labarin abin da ya gani sau da yawa. Ya ce duniya duka jini ce. Murjani jini, kifi jini, ni kaina jini. Ya fitar da numfashi, ya ga jini na fita daga bakinsa. A daidai wannan lokaci wani ɗan shak da bai fi tsayin hannuna ba ya zo wucewa, ya ɗan karkato don ya ga abin da ke tayar da kumfa.

Kawu ya saki zobe ya sake runtse ido. Amma in yi masa adalci, bai manta da makulli ba. Ya shiga lalube da sauri, hannunsa ya faɗa kan wani abu mai kauri, ya zagaya igiyar ganye a jikinsa, ya ƙulla, ya sake ƙullawa, ya ƙara na uku irin ƙullin masunta. Abin da ya kama idon sawunsa ne na dama. Na kai hannu in hana shi, ya ɗauka bakin shak ne, ya mangare ni.

Akwai wani kifi da muke kira maƙale, siriri mai faifai a ka, wanda yake manne wa cikin shak ya sha tafiya kyauta. Wani daga cikinsu ya ga baƙin abu mai faɗi da sulɓi, ya bar ubangidansa, ya zo ya manne a ɗuwawun Kawu.

Ban taɓa sanin mutum zai iya ihu ta cikin tiyo har a ji ba sai ran nan. Ya nemi ya harba sama. Na rungume shi ta baya na riƙe igiya da ƙarfi, domin fitowa da gaggawa tana da haɗari, muka riƙa hawa kaɗan kaɗan yana shure-shure, ganye na kaɗawa a ƙafarsa, maƙale na kaɗawa a bayansa. Da muka fito na kwance masa darma, na hura rigar iskarsa don kada ya nutse.

Ya tofar da tiyo. Jan ruwa ya biyo baya, ya gangaro haɓarsa, ya bazu a kan teku.

"La'ilaha illallahu! Sun cinye ni! Jama'a, sun kwashe hanjina, ga ɗaya nan riƙe da ni ta baya!"

Ganga ta tsaya. Mata suka fasa kuka. Ida ta ƙwalla ƙara tana kiran babanta. Na ce, "Kawu, ka saurare ni," amma muryata ba ta kai ko'ina ba.

"Liman, matso, zan yi wasiyya! Na yafe wa kowa! Ku ma ku yafe mini, fetur ɗin nan ina ɗan ƙara masa kananzir!"

"Mun sani," in ji wani daga kwalekwalen baya.

"Tabon cinyata ba shak ba ne! Kwanon rufi ne, na faɗo daga ɗakin kaji! Seram kuma a jirgin fasinja na je, na yi amai tun daga nan har can!"

Mama Nursia ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyo daga jirgi, ta dangwali jan ruwan da yatsa, ta kai hanci.

"Baban Ida."

"Maman Ida, ki riƙe amanar Ida. Kada ki auri mai gyaran injin ƙauyenmu."

"Baban Ida, jininka yana warin farar ƙasa."

"Na'am?"

"Cire gilashin nan."

Ya cire. Ya ƙifta ido. Sama shuɗiya, teku shuɗi, kwalekwale cike da mutane sun zuba masa ido. Ya dubi cikin gilashin, ya taɓa kuncinsa da harshe. Sannan ya shafa bayansa a hankali, maƙale ya kaɗa wutsiya ya fantsama masa ruwa.

Wata tsohuwa ce ta fara. Daga nan dariya ta bi kwalekwale ɗaya bayan ɗaya, har wani mai ganga ya faɗa ruwa.

Kawu ya gyara murya. "Gwaji ne. Ina so in ga masu ƙaunata. Alhamdu lillahi na gani. Bapa dagaci, an ɗaura ganye, ƙulli uku. Kawo makulli. Kai, ku ja ni."

Samari biyu suka miƙa hannu. Sai rigar iska ta kwantar da shi rigingine, ƙafarsa ta dama ta taso sama, ganye na ɗigar ruwa a idon sawunsa.

Dagaci ya daka tsawa. "Kada wanda ya taɓa shi!"

Samarin suka janye hannu kamar sun taɓa wuta. Ni ma na sake shi nan take, domin ni mai bin doka ne, kuma sharaɗina ya cika, mun riga mun fito.

Dagaci ya ce, "Liman, wannan ganyen ne ka yi wa addu'a?"

"Shi ne."

"An ɗaura shi?"

"Ƙulli uku, da bakinsa ya faɗa."

"To, jama'a ku shaida. Bapa Budin ya shiga sasi. Ba a taɓa shi, ba a ɗaukarsa, ba a fitar da shi daga inda yake, sai mai tsaro ya kwance."

"Bapa dagaci, wasa kake yi! To ni zan kwance da kaina."

"Kai mai tsaro ne?"

Kawu ya janye hannunsa daga ganyen.

"In ka taɓa, ka karya sasi a gaban ƙauye uku. Ka san tarar, za ka yi wata guda kana ɗebo wa masallaci duwatsu."

"To wa zai kwance ni?"

"Mai tsaro."

"Ai ba a naɗa ba!"

"Shi ya sa za ka jira."

Mama Nursia ta riga ta ɗaure zaninta. Ta sa tabaraunta na katako, ta cije ganye na biyu a haƙori, ta sulale cikin ruwa ba ko fantsama. Dagaci ya ce in bi ta in zama shaida. Na mayar da tiyo na sauka. Na same ta ta ɗaura ganyen a zobe, tana jan ƙullin ta tabbatar, shak biyu suna wucewa ta gefenta. Ta fito, na fito na faɗi abin da na gani. Dagaci ya rataya mata makulli a wuya tana jiƙe, Liman ya yi fatiha, aka shafa.

Duk wannan lokaci Kawu yana yawo a kan ruwa, kwalekwale na kauce masa duk inda ya nufa.

"Maman Ida, kwance ni."

Ta matse bakin zaninta. "Sasi wata shida ne."

"Wata shida! A nan?"

"Za mu riƙa jefo maka tuwo. A'a, na manta, ba a ciyar da kifin wurin."

"Haba uwar 'ya'yana. Shekara nawa muna tare?"

"Yanzu ina bakin aiki. Wa kake nema?"

"Ke nake nema!"

"Ni wa?"

Ya dubi maza, maza suka dubi sama. Ana cikin haka wani abu ya gogi tafin ƙafarsa ta ƙasa. Ni da nake kusa na ga kunkuru ne, amma ba a tambaye ni ba.

"Mai tsaro! Ranki ya daɗe mai tsaro, a kwance ni don Allah!"

"Ban ji ba, iska ta yi yawa."

"Ranki ya daɗe!"

Ta ce a juyo mata ƙafarsa da sandar gora. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa wuƙa. Maƙale ya ga abin ya ishe shi, ya saki ya koma wurin shak ɗinsa. Mutum huɗu suka jawo Kawu cikin jirgi, ya kwanta yana haki. Da numfashinsa ya dawo, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Ku dai rubuta a tarihi. Duk Misool, ana sa wa teku sasi, ana sa wa gona sasi. Mutum kuwa, ni kaɗai aka taɓa sa wa. Abu mai daraja ake rufewa."

"Matsa daga kan igiyar inji," in ji Mama Nursia.

Ya matsa. Ta ja igiya, inji ya tashi, ta tuƙa mu zuwa gida.

An rufe Dutsen Tsakiya na wata shida. Mama Nursia ce mai tsaro, makullin jirgi yana hannunta. Kawu Budin ya koma sayar da fetur.